Yadda Na Je Adar Neman Laifin Madam Aisa

Tun da na dawo daga Adar abokaina na fada, wato majalisarmu ta hira, ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce in ba shi labarin hanya, wancan ya ce ya ji wai na tashi a gaban taro na tona wa kaina asiri. Na gaji da yanko labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Maganar tona asiri gaskiya ce, kuma a duk shekarun da na yi ina wannan sana'a babu ranar da nake alfahari da ita kamar wannan.

Sunana Habu, mutumin Damagaram ne ni, amma a Yamai nake aiki. Mu uku ne a ɗan buronmu, wato ofishinmu, muna rubuta manhajar da ake buɗewa ta intanet. Wata ƙungiya mai ƙananan ɗakunan haihuwa a ƙauyukan jahar Tawa ta ba mu aiki: maimakon ungozoma ta rubuta haihuwa a kaye, wato littafin rajista, ta shigar da ita a tabilet, nan take a gani a Yamai.

A tsarin da muke aiki da shi ba ka gina rumbun bayanai da hannu. Siffar abu kake rubutawa, mu muna ce mata model. Ka ce ga Uwa, tana da suna da ƙauye da shekaru. Ga Jariri, yana da suna da ranar haihuwa da nauyi, kuma a ɗaure yake da uwarsa. Sai tsarin ya yi wa kowanne wuri a rumbu. Idan ungozoma ta cika gurabe ta danna, ya ƙirƙiri sabon Jariri, ya duba ko ya cika sharuɗɗan da aka gindaya, sannan ya ajiye. In sharaɗi ɗaya ya faɗi, ba ya ajiye komai. Ni na rubuta model ɗin Jariri, na sa masa sharuɗɗa biyu da nake ji da su: dole a cika gurbin suna, kuma dole a shigar da haihuwa cikin kwana uku, in sun wuce ƙofa ta rufe. Na biyun ƙungiya ce ta nema don kada a yi ta jan ƙafa. Na farkon kuwa daga kaina ne, ban ma tsaya tunani a kansa ba.

Wata huɗu ana aiki, ko'ina jarirai suna shigowa, ban da wani ƙauye guda a ƙasar Ibohamane. Can ko ɗaya bai shigo ba. Ungozomar wurin, Madam Aisa, ta fi shekara ashirin tana karɓar haihuwa, amma abin da ke isowa gare mu shi ne wai ta ce na'ura ta ƙi. Shef ɗin ƙungiya na yankin ya ce tsufa ne da taurin kai, ya sa taro ranar Alhamis a Keita, kuma kowa ya san a taron za a sallame ta a kawo yarinya mai jin tabilet. Kafin nan ya ce mu turo mutum ya tabbatar manhaja lafiyarta lau. Na ce ni zan je. Ba don Madam Aisa na tashi ba, don in wanke aikina na tashi.

Ranar Litinin da sassafe muka bar Yamai a katkat ɗin ƙungiya, motar shiga daji. Direban, Malam Ishaya, dattijo ne Ba'adare, Kirista, ya tashi a unguwar ma'aikatan wani asibitin mishan inda mahaifinsa ya yi aikin wanki. Tun kafin mu kai Doso ya laƙaba mini Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba girmamawa ba ce zalla.

"Injiniya, kai ad da na'ura, ni ad da hanya," in ji shi. "In munka kai Madawa ka ci kilishi, ka bar yi ma mutane ƙaryar Damagaram."

Bayan Ƙonni jandarmomi suka tsayar da mu. Na miƙa takardar misiyo, ta izinin tafiya aiki, da ƙarfin gwiwa, ashe gorar ruwa ta yoye a jakata, hatimin ya narke ya zama shuɗin tabo. Jandarman ya juya ta gaba da baya, ya sa na buɗe ordinater, wato kwamfutata, ya ga baƙin allo cike da ƙananan rubutu masu launi, ya ɗaure fuska ya ce wannan wane irin saƙo ne. Na fara yi masa bayanin model, ina ƙara nutsewa. Malam Ishaya ya leƙo ta taga ya ce, "Shef, magatakardan masu biƙi na, jinjirai yaka ƙidaya." Jandarman ya yi dariya, ya ce matarsa ma wata tara gare ta, ya miƙo mini takardata.

Mun kwana a Madawa, a ɗakin baƙi na ƙungiya, inda fanka take juyawa da ƙara ba iska. Kilishin kuwa na ci. Zan faɗi gaskiya ko da ’yan garinmu za su yi fushi: ya fi namu laushi, amma namu ya fi yaji, kuma a nan na tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu. Mu a Damagaram muna jan gaisuwa a hankali, su kuwa sai su jero maka tambaya goma a numfashi ɗaya, kafin ka amsa ta farko sun kai ga gajiya da iyali da damina. Na kwana biyu kafin na gane ba a jiran amsarka, tare ake yi.

Talata muka nufi Buza. Na ce mu tsaya a wani ɗakin haihuwa na ƙungiya da ke kan hanya, don wurin ne ya fi kowa shigar da jarirai, ina so in ga aikina inda ake yaba shi. Mai kula da wurin, Majo Illa, gajere mai fara'a, ya tarbe mu da ƙwaryar fura mai kauri wadda sai da na nemi ƙarin ruwa, suka yi ta yi mini dariya wai cikin ɗan birni gare ni. Ya kawo tabilet ya buɗe mini jerin. Na bi da yatsa: Mahamadu, Mahamadu, Fatsima, Mahamadu, Fatsima, Fatsima. Shafi uku haka.

Na ce, "Majo, mutanen Buza ba su san wani suna ba ne?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Injiniya, sunaye na masu albarka."

Na yi dariya har da buga cinya, na ɗauki hoton allon don in nuna wa abokan aikina. Malam Ishaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya dube ni, ya dubi Majo. Ni dai na fito raina fes, na ga manhaja tana aiki kamar agogo.

Tsakanin Buza da Keita aka yi ruwa a kan duwatsu, wani kori, wato rafin damina, ya ciko ya yanke hanya. Muka zauna a bakinsa wajen awa uku tare da masu babura da wata motar kasuwa da wasu Buzaye da raƙumansu. Wani dattijo a cikinsu ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya ba ni kofin farko mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, da guntun cuku. Na shanye na yi godiya na miƙe, sai Malam Ishaya ya jawo rigata ya ce ba a tashi a kofin farko, sai an yi uku. Na koma na zauna. Da ruwa ya ja, na ce zan taka in gwada zurfinsa, laka ta cire mini takalmi ɗaya ta tafi da shi. Da silifas ɗin Malam Ishaya na shiga Keita.

Laraba da hantsi muka isa ƙauyen Madam Aisa. Ɗaki biyu ne da rumfa, da pano mai tara wutar rana a kan rufi, an share tsakar wurin tas. Na yi zaton zan tarar da tsohuwa mai tsoron na'ura. Sai ga doguwar mace mai furfura kaɗan a gefen kallabi, tabilet ɗin a cikin jakar da ta ɗinka masa, cajinsa cike. Ta san abin da ya kawo ni, ta kuma san abin da za a yi mata gobe. Duk da haka sai da ta ba mu ruwa, ta tambayi iyalina.

Sannan ta ce, "Ɗana, taho."

Ta kai ni ɗaki na biyu. Wata matashiya tana kwance a kan gado, uwarta na zaune a ƙasa da jariri a cinya. Madam Aisa ta miƙo mini tabilet.

"Jiya da la'asar anka haihe shi. Kai kay yi abin ga, sa shi ciki in gani."

Na karɓa ina murmushi. Na shigar da uwar, ta shiga. Na buɗe sabon Jariri, na sa rana, na sa nauyi, na sa namiji. Na ɗago kai na ce wa kakar, "Inna, yaya sunansa?"

Tsohuwar ta dube ni kamar na tambaye ta kuɗin sadakinsa. Ta ce, "Wane suna? Kwananshi guda duniya."

Na bar gurbin haka na danna. Jan rubutu ya fito, wanda ni na rubuta shi da hannuna, cewa dole a cika wannan gurbi. Na tsaya ina kallonsa.

Madam Aisa ta ce, "Ɗiya nawa gare ka?"

Na ce uku.

"Wane cikinsu ka raɗa ma suna ran da anka haihe shi?"

Raguna uku na yanka a rayuwata, kowanne ranar bakwai, ni da kaina nake bin gida-gida ina rabon goro. Amma da na zauna gaban ordinater sai na rubuta jariri irin na littattafan da na koyi sana'a a ciki, wanda ake haifa da sunansa. Na ce dole suna, na kuma ce cikin kwana uku. A ƙasar da ba a faɗin suna sai ranar bakwai, na gina ƙofar da ba mai shiga sai ya yi ƙarya. Nan take Mahamadu da Fatsima na Buza suka faɗo mini a rai, na ji kunya ta rufe ni.

Na ce, "Madam, me ya sa ba ki yi yadda sauran suke yi ba?"

Ta ce, "An ce mani in sa ko mi. Ni hannuna ka tarbe su, amma suna na uba na, shi da liman. Ba ni raɗa ma ɗan wani suna. Kuma gobe in uwa ta kawo Iliyasu rigakahi, ina ni ka ganin shi cikin Mahamadu ɗari?"

Ta jawo wani kaye mai baƙin bango daga cikin akwati. Duk haihuwar wata huɗu tana ciki, layi-layi, an rubuta da bik shuɗi: uwa, ƙauye, rana, nauyi. Gurbin suna a ƙarshe, wasu an cika da jan bik daga baya, ranar da labari ya iso ta, wasu har yanzu fari, na makiyayan da suka yi gaba da dabbobinsu. Ta ce ta yi bayani ta wayar salula tun watan farko. Na tuna kuwa an taɓa turo mini saƙo cewa wata ungozoma tana kukan gurbin suna, na amsa da cewa ta duba rezo, wato sabis ɗin waya.

Na ɗauki ordinater na fita. Rezo mai ƙarfi sai a kan wani tudu bayan ƙauye, gindin wata bishiyar aduwa. Malam Ishaya ya biyo ni da tabarma. Na ce masa, "Kai ka gane tun Buza."

Ya ce, "Awo. Mu ma sai kwana bakwai muka kai ɗa coci a sa mai suna."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Injiniya, dariya kaka yi. Ba ka tambaye ni ba."

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na buɗe model ɗin Jariri, na ce gurbin suna yana iya zama babu komai. Na sa tsarin ya riƙa ba kowane sabon jariri lambarsa, a riƙa nuna shi da sunan uwarsa da ƙauyensu har ranar da suna zai zo. Ƙofar kwana uku na mayar da ita alama kawai, ta nuna an makara amma ta bari a ajiye. Na ƙara ɗan tuni da zai fito wa ungozoma bayan kwana bakwai. Sai dai in ka sauya model dole ka sauya fasalin rumbun ma, kuma rumbun cike yake da bayanan mutane. Na kira abokin aikina a Yamai na ce ya kwafe komai ya ajiye gefe, mu gwada a kan kwafin tukuna.

Na ba shi labarin abin da ya faru. Sai ya ce, "Habu, gyara kawai ka yi bakinka. Ta shigar da nata yau, gobe a ga jerinta cike, shi ke nan. Ka san wata mai zuwa za a sabunta kwantiraginmu."

Ba zan ɓoye muku ba, na auna maganar. Ba wanda zai sani. Amma na ga yadda za ta kasance: za a ce da ma tana iyawa, sai da aka turo mata mutum daga Yamai ta motsa. Ko an bar ta gobe, da wannan tabon za ta zauna, in ma an bar ta ke nan. Na ce masa ya yi kwafin kawai.

Mun gwada sau biyu, ya yi. Muka sauya na gaske. Na sauko daga tudu da silifas ɗin aro ina tuntuɓe, na miƙa wa Madam Aisa tabilet na ce ta sa jaririn jiya. Ta cika gurabe da sauri fiye da ni, ta tsallake suna, ta danna. Koren layi ya fito. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe kayenta a shafin farko ta ce in riƙa karanto mata. Muka yi ta yi har la'asar sakaliya, ina karantawa tana shigarwa, ba ta yarda na taɓa mata allon ba.

Alhamis da safe aka taru a Keita, a wani zaure mai bencuna. Ungozomomi da majo-majo, masu kula da ɗakunan yankin, duk sun zo, har da Majo Illa. Madam Aisa ta zauna a baya da jakarta a cinya. Shef, wani dogon mutum mai tabarau, ya buɗe taro ya ce injiniya daga Yamai zai ba da rapor, wato rahoto, a kan manhaja, daga nan a wuce ga maganar Ibohamane.

Na miƙe. Na ce manhaja tana da aibi tun ranar farko, kuma ni na sa shi. Na faɗi sharuɗɗan nan biyu, na ce duk wanda ke zauren nan ya gaya mini yadda za a cika su ba tare da ƙirƙiro suna ba. Na ce wata huɗu rumbunmu yana cika da sunayen da ba na kowa ba, ba kuma laifin masu shigarwa ba ne, ni na tilasta musu. Na ce wuri ɗaya ne kawai a yankin nan da bayanansa suke daidai daga farko har ƙarshe, na ɗaga baƙin kayen na nuna.

Majo Illa ya miƙe ya ce, "Shef, gaskiya ya hwaɗi. Ni kaina Mahamadu nika sa ma kowa. Tsoro munka ji a ce ba mu aiki." Wata daga gefe ta ce ita sunayen ’ya’yanta take juyawa. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya.

Shef bai yi dariya ba. Ya karɓi kayen ya yi ta buɗawa shafi bayan shafi. Ya ce, "Wa ya sa sharaɗin suna?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Na kwana uku kuma ni na nema." Ya cire tabarau ya goge, ya dubi bayan zaure. "Madam Aisa, ki yi haƙuri. Ki koma bakin aikinki. In kin samu sarari ki zagaya ki nuna wa sauran yadda za su gyara nasu."

Ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ni kuma ya ce mini maganar kwantiragi za mu yi ta daga baya, da muryar da ba ta yi mini daɗi ba. Har yau da nake rubutun nan ba a gama ta ba, abokin aikina yana gaishe ni sama-sama. Abin yana damuna, ba zan ce ba ya damuna ba. Amma da na fito daga zauren nan ji na yi kamar na ƙara tsawo.

An dafa shinkafa da nama don taron, Madam Aisa ba ta tsaya ci ba. Wani mutum ya zo da babur ya yi mata magana a kunne, ta ɗaure jakarta a baya. Ta biyo ta gabana ta ce, "Ɗana, ka gaida uwar ɗiyanka," ta hau suka tafi.

Mu kuma muka kama hanyar Tawa bayan azahar. Muna cikin kwari babu rezo, na yi ta gyangyaɗi. Da muka hau fako wajen la'asar salulata ta yi ƙara, na buɗe manhaja don in tabbatar gyaran bai ɓata wani abu ba. A saman jerin akwai sabuwar shiga daga ƙauyen Madam Aisa, minti ashirin da suka wuce. Mace, kilo uku, uwa lafiya. Gurbin suna fari fes.

Na ce wa Malam Ishaya ya tsaya. Ya gangara gefen hanya, na miƙa masa salular. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali, ya miƙo mini.

Ya ce, "Allah shi raya."

Na ce amin.